Yadda ake gano dalilin zafin waya a fitilun halojin masu bolt 12

Mutane da yawa suna ɗauka cewa fitilar da ke aiki da bolt 12 ba ta da haɗari, tunda ko an taɓa wayarta wuta ba ta jan mutum. Ta fuskar jan wuta haka ne, amma ta fuskar gobara ba haka abin yake ba, domin duk lokacin da aka rage bolt, sai wutar da ke bi ta cikin waya ta ƙaru kafin ƙwan ya ba da haskensa. Ƙwai mai wat 50 a kan bolt 230 ba ya jan ko kwatan amfiya ɗaya, amma a kan bolt 12 yana jan sama da amfiya 4, idan kuwa aka jera guda huɗu a kan waya ɗaya, to wayar tana ɗauke da kusan amfiya 17.

Zafin waya kuma ba daidai yake tafiya da ƙaruwar wutar ba: idan wutar ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu. A ɗauki wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5 da aka ja tsawon mita 5 daga taransifoma, wato ƙaramar na'urar da ke rage wutar gida daga bolt 230 zuwa bolt 12, zuwa waɗancan ƙwayayen huɗu. Zuwa da dawowa mita 10 ke nan, kuma a wannan tazara kusan bolt 2 ne ke salwanta, fiye da wat 30 kuma ya zama zafi a jikin wayar kanta. Abin da ya fi damuna shi ne birekar gida ba ta san ana yi ba, domin a ɓangarenta na bolt 230 abin da take gani bai kai amfiya ɗaya ba, sai waya ta yi ta dahuwa a cikin silin ba tare da wuta ta yanke ba.

Alamomin farko su ne warin ƙonanniyar roba, da fitilun ƙarshen layi da haskensu ya dushe ya koma ja-ja, da ƙwan da ke ƙiftawa. Wanda ya ga haka ya daina kunna fitilun, ya kira ƙwararren mai gyaran wuta.

Shi kuma mai gyara, wurin da zafin ya taru shi ne zai nuna masa cutar. Bayan fitilun sun yi aiki na ɗan lokaci yana kusa, sai ya kashe wuta daga bireka, ya bi wayar da na'urar auna zafi daga nesa. Idan ta yi zafi tun daga taransifoma har ƙarshe, to siririya ce, ko an ɗora mata ƙwayaye fiye da ƙarfinta, abin da yakan faru idan an cire masu wat 20 an sa masu wat 50 ba tare da an duba wayar ba. Idan kuwa wuri ɗaya ne ya yi zafi, musamman a mahaɗa, to sukuru ne ya saki ko haɗin ya ci tsatsa. Irin wannan mahaɗa da an buɗe ta ake ganewa: farar robar ta koma ruwan ƙasa, jan ƙarfen ya yi baƙi, rufin wayar kuma yana farfashewa da zarar an lanƙwasa shi. Zafin da ya tsaya kusa da ƙwan kaɗai daga ƙwan yake fitowa, domin gilashin halojin yana wuce digiri 250 a ma'aunin Salsiyas, wasu ƙwayayen ma an ƙera su ne su riƙa tura zafinsu baya. Robar waya ta yau da kullum ba ta jure fiye da digiri 70, shi ya sa a wannan gurbi ake sa mai rufin silikon, wadda ke kai digiri 180. A kuma duba ko kayan tare zafi na silin sun lulluɓe wayar ko taransifomar sun hana su shan iska.

Wajen awo akwai tarko guda, wato taransifoma ƙarama ta zamani tana fitar da wuta mai saurin kaɗawa ƙwarai, wadda ba kowace mita ke karantawa daidai ba, saboda haka ya fi aminci a haɗa jimillar wat ɗin ƙwayayen, a gwada da abin da aka rubuta a jikin taransifomar, a kuma kiyaye iyakar tsawon waya da kamfanin ya gindaya.

Gyara na gaskiya shi ne a matso da taransifoma kusa da fitilu, a ba kowane ƙwai wayarsa, ko a sa mai kauri. Ƙwayayen LED suna rage nauyin sosai, sai dai ba kowace tsohuwar taransifoma ke karɓarsu ba. Wayar da robarta ta riga ta ƙone kuwa ba a naɗe ta da salatif a mayar, yanke ta ake yi a sauya ta tare da mahaɗarta da mazaunin ƙwan.