Waiwaye: gardamar dokokin sihiri a wasan Dungeons & Dragons

Duk matashin Kano da ya zauna da takarda da fensir da ƙwaya mai fuska 20 don buga Dungeons & Dragons, ya gaji wata gardama da ta girme shi. Kafin wani ya yi salati, sihirin nan na tatsuniya ne, lissafi ne kawai a takarda. Ɗan wasa zai ce gwarzonsa ya jefa dunƙulen wuta cikin lungu, na kusa da shi ya ce, "Haba malam, ai har kai za ta lashe." A ɗauko littafi, littafin ya yi baki biyu.

Tun 1974 ake wannan. A shekarar ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan a Amurka, cikin ƙananan littattafai 3. Kowane sihiri 'yan layuka ne, sauran an bar wa alƙalin wasa, wato wanda ke jan labarin yana yanke hukunci a tebur. Da tambayoyi suka yi yawa, mujallar Dragon ta buɗe shafin amsoshi mai suna Sage Advice a 1979. Dokar wancan zamani ta ce wutar tana bazuwa har ta cika girmanta, don haka a matsattsen wuri takan dawo kan mai jifa. Alƙalai sun sha lissafin faɗin ɗaki.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, mai wasan na asali, a 1997. Bugu na 3 da ya fitar a 2000 ya ɗaure kowace kalma tamau. A ganina nan aka ƙara dagula lissafi, domin 'yan wasa sun koma lauyoyi, kowa na neman kafa tsakanin kalmomi.

Bugu na 5, na 2014, ya mayar wa alƙali girmansa. Jeremy Crawford, jagoran tsara dokokin a lokacin, ya riƙa amsa tambayoyi a Twitter, yana bambanta abin da aka rubuta da abin da aka nufa. Duk da haka doka ɗaya ta wahalar da jama'a: wanda ya jefa sihirin gaggawa, wato wanda ake jefawa a matsayin ƙarin motsi, ba zai ƙara wani babba a zagayensa ba, sai ƙarami. Gyaran 2024 ya sauya ta, ya ce gurbin sihiri ɗaya ake kashewa a zagaye, wato ɗaya daga cikin ƙididdigaggun damar jefa babban sihiri da gwarzo ke da su. Teburin da rabinsa ke riƙe da tsohon littafi, gara alƙali ya faɗi wanda za a bi tun kafin a jefa ƙwaya.