Zuwa majami'a bai isa a ce mutum ya san Allah ba

An daɗe ana ɗauka cewa wanda aka haifa a gidan Kirista, aka yi masa baftisma, yana kuma zuwa sujada kowace Lahadi, ya riga ya san Allah. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna ƙwarai, domin yakan sa mutum ya kwantar da hankalinsa tun bai fara neman Ubangiji ba.

Dubi yaro Sama'ila. Yana hidima a Shilo ƙarƙashin Eli firist, a Haikali yake kwana, amma da Allah ya kira shi sai ya tafi wurin Eli har sau uku, yana tsammani Eli ne yake kiransa. 1 Sama'ila 3:7 ta faɗi dalilin: bai riga ya san Ubangiji ba. Hidima tana nan, sanin muryar ce babu.

Yarda cewa Allah ɗaya ne ma ba ta wadatar ba. Yakubu 2:19 ta ce aljanu sun gaskata haka, har suna rawar jiki. Sanin da Yesu ya kira rai madawwami a Yohanna 17:3 ya haɗa da tuba, da dogara gare shi, da yin biyayya ga maganarsa.