Waiwaye: Yadda Gurbin Kona Ya Raba Doguwar Gasa Gida Biyu

Makonni uku ke nan, duk safiyar Asabar in mun dawo daga tuƙin keke a hanyar Dadin Kowa muka jingine kekunanmu a teburin mai shayi, zance ɗaya ake yi. Wani ƙanenmu, ma'aikacin lafiya, ya shekara biyu yana tara kuɗi don ya fita waje ya shiga doguwar gasar tirayatalon: ninƙaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki kilomita 42.2, duka a yini guda, agogo bai tsayawa. Ga wanda bai saba da lissafin ba, keken kaɗai ya wuce nisan Gombe zuwa Bauchi, gudun kuma ya ɗara Gombe zuwa Dadin Kowa. Abin da ya tara ba zai kai shi sau biyu ba. To wacce zai shiga? Mai tambarin Ironman da duniya ta sani, ko ɗaya daga cikin ƙananan da mutanen gari ke shiryawa da kansu?

Majalisa ta rabu biyu. Babban cikinmu ya ce, "Ƙanena, in za ka sha wuya, sha a inda za a san ka sha." Wani ya amsa, "Yaya, nisan ai ɗaya ne. Suna kawai zai saya, da dala kuwa." Duka ɓangarorin suna magana kamar faɗuwar naira tun 2023 ce ta haifi tambayar. Tsadar dala ta ƙara mata zafi a wajenmu, gaskiya ne. Amma 'yan wasa a Turai da Amurka sun fi shekara 20 suna wannan musu, saiwarsa kuwa ta girmi yawancin masu zama a bencin nan.

Farkon labarin sananne ne. Ranar 18 ga Fabrairu 1978, a tsibirin Oahu na Hawai, wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka haɗa gasa uku da ake yi daban-daban a tsibirin suka mai da su ɗaya, ita ce aka kira Ironman. Mutum 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mai da gasar garin Kona da ke wani tsibirin na Hawai, inda hanya ba ta da cunkoson motoci. A Fabrairun 1982 Julie Moss, tana kan gaba a rukunin mata, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta dab da ƙarshe, ta ƙarasa da rarrafe, Kathleen McCartney ta wuce ta, talabijin ta nuna wa Amurka duka. Daga baya tambarin ya yi ta sauya hannu: a 2015 kamfanin Wanda na ƙasar Sin ya saye shi dala miliyan 650, a 2020 Advance na Amurka ya karɓa a kan dala miliyan 730. Waɗannan alƙaluma ne aka fi jefawa a teburin shayi, amma ni a ganina ba can zancen ya faro ba.

Shekarar da nake son mu tsaya a kanta ita ce 1983.

Duba yadda adadi ya riƙa tashi. A 1980 mutum 108 suka shiga. A 1981 suka zama 326. A Fabrairun 1982 suka kai 580, tun ma kafin hoton rarrafen Julie Moss ya zaga. Kona kuwa ƙaramin gari ne a bakin teku. Wurin da ake jera kekuna matsayar jiragen ruwa ce guda ɗaya, ba ta miƙewa don mutane sun yi yawa. Hanyar keke babban titi ɗaya ne da ya ratsa baƙin dutsen aman wuta zuwa garin Hawi ya dawo. Masu shiryawa suka yi abin da duk mai hankali zai yi in baƙi sun fi ƙarfin zaure: a 1983 suka kafa tsarin cancanta, aka kuma tsayar da wa'adin gama gasa a awa 17. Daga nan mafi yawan masu son zuwa Kona sai sun fara yin bajinta a wata gasa tukuna, sun samo gurbi.

Babu wanda ya yi laifi a nan. Shawara ce ta tsaro da tsari, kuma da ba a yanke ta ba, da wataƙila gasar ta shaƙe kanta. Sai dai ta haifar da wani abu da babu shi a da. Kafin 1983, darajar doguwar gasa tana cikin nisanta: ka yi kilomita 226 da ƙarfin jikinka, shi ke nan. Bayan 1983 sai ga wata daraja ta biyu, wadda ba a cikin ruwa ko kan titi take ba: shin gasar nan tana raba guraben Kona ko ba ta rabawa? A 1985 New Zealand da Japan suka fara gasa mai tambarin Ironman da ke kai mutum Hawai. Penticton ta Kanada ta biyo baya a 1986, Roth ta Jamus a 1988. Duk garin da ya samu guraben, baƙi sun zo daga nesa, otal-otal sun cika. Garin da bai samu ba, ko da gasarsa ta tsufa kamar ta Holan da aka fara tun 1981 kafin ta koma garin Almere a 1983, ko Embrun a tsaunukan Faransa tun 1984, sai ya dogara da son da mutanensa ke masa.

Duk wanda ya taɓa neman gurbin karatun likitanci a jami'a ya san yadda abin yake. Ba karatun ne ya fi tayar da hankali ba, ƙarancin wurin ne. Da zarar wuri ya yi kaɗan, sai ƙofar shigarsa ta zama abin nema ita kanta.

A ga yadda ake rabon, don a nan ne ake gane ƙarfin abin. An kasa 'yan wasa rukuni-rukuni bisa shekaru, tazarar biyar-biyar, maza daban mata daban. Washegarin gasa, jiki duk ya yi tsami, ana tara mutane a zaure a kira sunayen waɗanda suka cancanta. Dole ka kasance a wurin, dole ka amsa, dole ka biya kuɗin shigar Kona nan take. In aka kira ka ba ka nan, ko ka ce ba ka so, sai gurbin ya gangara zuwa na bayanka, har a samu mai ɗauka. Shi ya sa za ka ga wanda ya zo nesa da sahun gaba yana zaune da katin banki a hannu, yana fatan na gabansa sun tafi filin jirgi. Mutane ƙalilan ne ke fita da gurbi. Dubbai kuwa sun biya, sun yi atisaye, sun zaɓi wannan gasa a kan waccan saboda wannan zaure, ko da a ransu sun san ba za a kira su ba. Wannan shi ne abin da nake ganin ya fi kowane cinikin kamfani tasiri: mu da kanmu muka fara auna gasa da ƙofar da yawancinmu ba za mu taɓa shiga ba.

Roth ce ta gwada ko gasa za ta rayu ba tare da wannan ƙofa ba. Garin bai wuce mutum dubu 25 ba, a jihar Babariya. Daga 1988 zuwa 2001 shi ne masaukin Ironman na Turai. Da aka zo sabunta yarjejeniya, ɓangarorin biyu ba su daidaita kan sharuɗɗa ba, kowa ya kama gabansa. A 2002 tambarin ya koma Frankfurt, Roth kuma ta ci gaba da suna Challenge ƙarƙashin Herbert Walchshöfer, babu gurbin Kona ko ɗaya. Shekarun farko sun yi wuya. Amma mutanen gari ba su daina fitowa ba. A yau kimanin mutum 3,500 ke shiga ɗaiɗai, ban da ƙungiyoyin ba-ni-in-ba-ka, 'yan kallo sun haura dubu 200, kuma a hawan tudun Solar sai mai keke ya ratsa tsakiyar jama'a suna darewa a gabansa. A can Chrissie Wellington ta yi awa 8 da minti 18 a 2011, Jan Frodeno ya yi awa 7 da minti 35 a 2016. Sai dai a lura: Challenge ita ma ta zama tambari, ta bazu zuwa wasu ƙasashe tun daga Wanaka ta New Zealand a 2007. Penticton ta koma gare ta a 2013, daga baya Ironman ya dawo garin a 2022. Ashe kalmar "mai zaman kanta" da muke furtawa a teburin shayi ba abu ɗaya take nufi ba.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi ƙanƙanta da gangan. Norseman ta ƙasar Norway ta fara a 2003 da mutum 21. Ana tsalle daga jirgin fito cikin ruwan sanyi da asuba, a ƙare a ƙolin dutsen Gaustatoppen mai tsayin mita 1,883. 'Yan ɗaruruwa kawai ake ɗauka, galibi ta hanyar ƙuri'a, kuma dole ka zo da mai taimaka maka da mota, shi zai riƙa ba ka ruwa da abinci a hanya. Ga ɗan Jamus wannan sauƙi ne, ya ɗauko matarsa ko abokinsa. Ga ɗan Gombe kuwa biza biyu ce, tikitin jirgi biyu, hayar mota a ƙasar da bai taɓa tuƙi ba. Wannan ne na faɗa wa mai cewa ƙaramar gasa ta fi araha: kuɗin rajista sau da yawa ya fi sauƙi, amma ba rajista kaɗai mutum ke biya ba.

Dole a ba babbar gasa haƙƙinta. Wanda ya sauka a baƙuwar ƙasa da kekensa a akwati yana buƙatar abin da ba zai ba shi mamaki ba: jakunkunan canja kaya masu lamba, na'urar ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a idon sawu, rumfunan ruwa a kai a kai, likitoci, titi a rufe ko a tsare, da mutane gaba da baya in dare ya yi ƙafa ta mutu. Gasar Ironman ta Nelson Mandela Bay a Afirka ta Kudu ta daɗe tana ba da wannan, kuma a nahiyarmu take. Rubavu ta Ruwanda, a bakin tafkin Kivu, ta fara ta rabin zango a 2022. Abin da za ka haƙura da shi shi ne cunkoso: gwiwar hannu a fuska cikin ruwa, da wahalar barin tazarar da doka ta sa tsakanin keke da keke, ga tsadar masauki a makon gasa. A ƙaramar gasa kuwa mai shiryawa zai iya sanin sunanka, ya miƙa maka hannu da kansa, amma za ka iya yin awa guda kan keke ba ka ga kowa ba, motoci na wucewa ta gefenka.

Na tambayi ƙanen namu tambaya ɗaya: "Kana neman Kona?" Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ni dai in gama kafin awa 17." Na ce to cire gurbin daga lissafi, ka auna sauran: biza, jirgi, wanda zai raka ka, zafin ruwa ko sanyinsa, da ko kai mai iya jure kaɗaici ne. In da ni ne, karon farko, ni kaɗai, babba zan shiga saboda tsarinta. In da ina da ɗan'uwa mazaunin can mai mota, da ƙaramar zan nufa ba waiwaye.

Har yanzu bai biya ko'ina ba. Madatsar Dadin Kowa ba ta ninƙayuwa saboda dorina, don haka a wurin iyo na wani otal yake atisaye, mai tsawon mita 25. Kilomita 3.8 a nan tsallakawa 152 ce. Ranar Larabar da ta wuce ya kai 90.