Ma'anar "Muƙami Mai Riba" a Dokar Zaɓen Indiya

A Indiya, mutum kan ci zaɓe da ƙuri'u masu yawa amma kotu ta ƙwace kujerar, saboda yana riƙe da abin da dokarsu ta kira "muƙami mai riba". Ana nufin duk wani muƙami na gwamnati da ke iya kawo wa mai shi albashi, alawus ko wata moriya. Sashe na 102 da na 191 na kundin tsarin mulkinsu sun hana irin wannan mutum zama ɗan majalisar tarayya ko ta jiha, sai dai in muƙamin na cikin waɗanda doka ta keɓe. Gyaran da aka yi wa kundin a 1992 ya sa hanin ya sauko har kan majalisun ƙauyuka da birane.

Hikimar a fili take: baki ya ci, ido ya ji kunya. Ɗauki lauyan da gwamnati ke biya. Da safe yana kotu rungume da fayil, yana kare ta a shari'ar filin kasuwa. Da yamma yana zaune a majalisar ƙaramar hukuma a matsayin kansila, 'yan kasuwar da suka zaɓe shi suna jiran ya yi magana da yawunsu. Ina zai sa kansa? A ganina ko mai gaskiya ne bai kamata a jefa shi cikin wannan tsaka mai wuya ba.

Sai dai ba kowane lauyan gwamnati abin ya shafa ba. Alƙalai kan duba wa ya naɗa shi, wa ke da ikon sallamarsa, daga aljihun wa ake biyansa. A 1969 Kotun Ƙolin Indiya ta ce Kanta Kathuria ta jihar Rajasthan, lauyar da gwamnati ta ɗauka don wata shari'a takamaimai, ba muƙami ta riƙe ba, aiki ne mai ƙarewa. Amma a 2006 Jaya Bachchan ta rasa kujerarta a majalisar dattawa saboda shugabancin hukumar fina-finan jihar Uttar Pradesh, duk da ta ce ba ta karɓi ko kwabo ba. Kotu ta ce tunda muƙamin na iya kawo kuɗi, shi ke nan.

Nijeriya ma tana da makamancin wannan: kundin 1999 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati mai neman kujerar majalisa ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.