Mene ne feng shui, kuma me ya haɗa shi da lambu?

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da masu cewa kada gado ya kalli ƙofa, ko a ajiye tukunyar fure a kusurwa kaza don kuɗi su shigo, wai haka feng shui ya ce. To abin ya girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma ba a ɗakin kwana ya samo asali ba.

Kalmomi biyu ne na Sinanci: feng iska, shui ruwa. Ilimi ne na zaɓen wuri, wato inda ya dace a kafa gari, a gina gida, a haƙa kabari ko a yi lambu. Sinawa sun yi imani da wani ƙarfi da ido ba ya gani, suna kiransa qi, ana furta shi kamar "ci". Wani tsohon littafi kan binne mamata, wanda ake jingina wa wani masani Basine mai suna Guo Pu da ya rayu daga 276 zuwa 324, ya ce iska tana tarwatsa wannan ƙarfi, ruwa kuma yana tsare shi. Saboda haka wuri mai kyau shi ne wanda dutse ya kare bayansa, ruwa ya ratsa gabansa, fuskarsa na kallon kudu.

Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing, wadda aka kammala a 1420, a kan wannan tsari take. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutse, sai aka kwashi ƙasar da aka tono daga ganuwar ruwan da ta kewaye fadar aka tara ta a arewa, ta zama tudun Jingshan. A gaba kuma aka janyo rafi yana lanƙwasa. In ka cire batun qi ma, akwai hankali a ciki. A arewacin Sin, iskar hunturu mai ratsa ƙashi daga Mongoliya da Siberiya take busowa, rana kuwa ta kudu take karkata. Wanda ya ba arewa baya ya sha ɗumi.

A lambu abin ya fi fitowa fili. Tsofaffin lambunan birnin Suzhou, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997, da wuya ka ga miƙaƙƙiyar hanya a cikinsu. Gadar da ke kan kududdufi sai ta karya dama ta karya hagu, da ka shiga ƙofa kuma bango ko tarin duwatsu ne zai tare maka ido. Masu feng shui suna cewa qi in ya sami miƙaƙƙiyar hanya gudu yake yi kamar kibiya, ya cutar. Mai lambu kuwa ya san hanya mai kwana tana sa baƙo ya rage sauri, ƙaramin fili ya zama kamar babba. Haka shuke-shuken, an zaɓe su ne don kowane lokaci ya sami abin kallonsa: furen ruwa mai kama da bado a lokacin zafi, sai gora da itacen mei, wanda ke fure tun sanyi bai tafi ba, rassansa tsirara babu ganye.

Lokacin aiki kuma yana da nasa lissafin. Sinawa sun raba shekara gida 24, kowane kimanin kwana 15, bisa tafiyar rana. Lichun, wajen 4 ga Fabrairu, shi ne farkon janyewar sanyi. Jingzhe, a farkon Maris, shi ne farkawar ƙwari. Guyu, wajen 20 ga Afrilu, ruwan hatsi ke nan, lokacin shuka. Wanda ya san yadda malaman ƙasar Hausa ke ƙirga taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai a kwarin Rawayen Kogi da ke arewacin Sin aka tsara wannan lissafi, ko a kudancin Sin ma ba ya zama daidai ƙwarai, balle a Kano ko Maraɗi.

Inda zancen ya koma duba shi ne wajen dabbobin shekara. Guda 12 ne suke zagayawa: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon da suke kira long, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare da alade. 2025 shekarar maciji ce, 2026 ta doki. Kowace dabba tana da nahiyarta a kan luopan, wani kamfas mai zobba da yawa cike da rubutu, wanda bokan feng shui ke riƙewa a ƙirji yana auna gida. A nahiyar dabbar shekara wai wani abin bauta mai suna Tai Sui yake zama, kuma ba ya son a dame shi. Don haka mai bin wannan aƙida ba zai haƙa rami, ko ya tumɓuke itace, ko ya gina kududdufi a wannan ɓangare na lambunsa ba har shekara ta fita. Tsoron ya shiga harshe, domin in mutum ya tsokano wanda ya fi ƙarfinsa, Sinawa kan ce ya tona ƙasa a kan Tai Sui.

A ganina nan ne ya kamata mai karatu ya tace. Batun rana da iska da magudanar ruwa lura ce ta manoma da magina, ana iya gwada ta. Batun cewa tukunyar fure za ta jawo arziki, ko haƙa rami a kudu zai jawo ciwo, camfi ne da babu gwajin da ya tabbatar da shi, kuma shi ne ɓangaren da aka fi tallatawa a intanet don shi ke sayar da kaya. Gwamnatin kwaminisanci ta yaƙi feng shui, musamman tsakanin 1966 da 1976, amma bai mutu ba. A Hong Kong har yau manyan kamfanoni na biyan masana kafin su aza harsashi, kuma da aka buɗe dogon ginin Bankin Sin a 1990 an yi ta ƙorafi cewa kusurwoyinsa masu kaifi kamar wuƙa suna saran maƙwabta.