Kansar Ƙwaƙwalwa da Bugun Jijiyoyin Jini: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya haɗa bugun jijiya da ruwan ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa da laka a cikin wani ruwa garai-garai suke zaune, kimanin mililita 150, kuma jiki yana samar da kusan rabin lita a kullum. Duk bugun zuciya, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sukan buɗe su koma. Wannan motsi ne ke ingiza ruwan ta 'yar tazarar da ke kewaye da su, ya ratsa ƙwaƙwalwar ya kwashe datti. Maiken Nedergaard da abokan aikinta na Jami'ar Rochester a Amurka ne suka bayyana wannan magudana a 2012, a jikin ɓeraye. Wankin ya fi ƙarfi lokacin barci.

To idan ƙari, wato tsiron kansa, ya fito a ƙwaƙwalwa fa?

Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa. Ƙwaƙwalwa da jini da ruwa sun riga sun cika shi, saboda haka duk wurin da ƙari ya ci, wani ya matse. Jijiyar da aka danne ba ta samun sararin bugawa sosai, ruwa sai ya yi sanyin tafiya.

Abin bai tsaya nan ba. Giliyobilastoma, mafi tsanani a cikin kansar da ke farawa a ƙwaƙwalwar manya, tana tsiro da nata jijiyoyin, karkatattu masu yoyo. Ruwa daga jini yana tsattsafowa, gefen ƙarin ya kumbura, matsin ya ƙaru. Ƙwayoyinta kuma sukan bi bayan jijiyoyin su bazu, wato ta cikin magudanar kanta. A ganina nan ne muguntar cutar take.

Majinyaci yana jin wannan a jikinsa?

Sau da yawa. Ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, gani dishi-dishi, wani kuma farfaɗiya ce ta farko a rayuwarsa, wadda sau tari ake ɗora wa iska har lokaci ya ƙure. Sai dai yawancin ciwon kai ba kansa ba ne; hoton ƙwaƙwalwa ke raba gardama.

Ana iya buɗe wa ruwan hanya?

Likitoci na ba da wani magani mai suna deksametason don rage kumburi. Idan ƙari ya toshe mafitar ruwan ya taru, akan sa siririn bututu ya sauke shi zuwa kogon ciki. Waɗannan sauƙi suke kawowa. Shi kuwa ƙarin sai tiyata da gashi da haske na musamman da magungunan kansa.