Injin wanke-wanke ba kwandon shara ba ne, a cire filta a wanke

Hajiyoyi, iyayen gida, da ku masu aikin kicin, yau da ku nake. Gidajen da muke shiga duba tsafta, duk inda akwai injin wanke-wanke kukan kusan ɗaya ne: faranti na fitowa da ƙarni, kofi da tsaki-tsaki a ciki, ruwa na kwanciya a ƙasan injin, kyankyasai sun yi sansani a bayansa. Sai a ɗora wa injin laifi, ko a ce mai gyara ne ya yi ha'inci. Da an ce a jawo kwandon ƙasa a murɗo filta, wato ragar da ke tace dattin ruwan wankin, sai a tsaya ana kallon-kallo. Wasu ma ba su san akwai abin da ake cirewa a wurin ba, alhali injin ya shekara biyu yana aiki kullum.

Abin da ke fitowa daga wurin ba ya kalluwa. Shinkafa ta kumbura, ƙashin kifi, 'ya'yan tattasai, takardar dunƙulen magi, guntun tsinken tsire, manja da kitse sun ɗaure su sun zama baƙin yauƙi. Haba jama'a! Wa zai yarda a wanke masa kwano a cikin wannan?

To a cikinsa ake wankewa. Injin ba sabon ruwa yake ta zubawa ba. 'Yan litoci yake ɗiba, ya ɗumama, ya yi ta fesawa yana maimaita su, shi ya sa wanki guda bai cika wuce lita 10 zuwa 12 ba a injinan zamani. Duk zagayen da ruwan zai yi, ta cikin filtar nan yake bi. Idan ta toshe da ruɓaɓɓen abinci, ruwan da ke wanke cokalin jaririnki ta cikin ruɓar ya ratso. Faranti ya fito da ɗumi yana sheƙi, hankali ya kwanta, a zuba wa yaro abinci.

Wanke ta ba ya cin minti 5. Ki kashe injin daga soket, ki jawo kwandon ƙasa waje. A tsakiyar ƙasan, ƙarƙashin farfelar da ke fesa ruwa, za ki ga wani abu kamar kofi mai raga. Ki murɗa shi hagu, ki ɗago. Akwai kuma shimfiɗaɗɗiyar raga ta ƙarfe da ke kewaye da shi, ita ma ɗagowa ake yi. Ki juye dattin a shara, ba a sinki ba, sannan ki wanke su da ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori. Ban da soson ƙarfe, yana yaga ragar, kuma raga in ta yage ƙashi da tsakuwa kai tsaye suke wucewa cikin famfon da ke zuƙe ruwa. Ramin da kika ciro filtar, ki tsane ruwan cikinsa da soso ki leƙa da tocila. Kada ki zura yatsa da ka, fasasshen gilashi a nan yake taruwa. In kin gama ki mayar, ki murɗa dama har sai ta kulle. Filtar da aka ɗora ba a kulle ba, da ita da babu duk ɗaya.

Takardar da ke zuwa da injin wataƙila ta ce a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Waɗanda suka rubuta ta ba tuwo suke ci ba. Gidan da ake tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ana soya da manja, ana cin man shanu, sau ɗaya a mako shi ne mafi ƙaranci. Gidan yawa, ko lokacin azumi da biki, duk bayan kwana 2 ko 3. A sa wa aikin rana, a ce duk Juma'a da safe, kuma a nuna wa mai aiki da hannu, kada a tsaya a faɗa da baki kawai. Yarinyar da ba a taɓa nuna wa ba, ba ta da laifi.

Kuma don Allah a daina jefa faranti da sauran tuwo a kai. Ba a ce ki wanke kafin ki sa ba, wannan ɓarnar ruwa ce. Kankarewa kawai za ki yi da cokali, ƙashi da loma da ragowar miya su tafi shara. Tukunya mai ƙanzo a jiƙa ta a ɓamɓare tukuna. Ƙullun da ya bushe a roba, shi ma haka. Duk abin da kika ƙyale, a filta zai kwana.

Idan an wanke filta amma kwanukan sama na fitowa da datti, a duba farfelun feshi, ta sama da ta ƙasa. Cirowa ake yi, a ɗaga su a haske, a tsokane ramukan da tsinken sakace, a ɗauraye. Kafin a kunna a juya su da hannu, domin sau da yawa dogon ludayi ko murfin tukunya ne ya tokare. Robar bakin ƙofa kuwa ruwan feshi ba ya isa gare ta sosai, musamman ta ƙasa, a nan baƙar fumfuna ke kamawa. Tsumma mai ɗumi ya ishe ta duk mako. In an kwashe kwanuka a bar ƙofar a ɗan buɗe cikin ya sha iska.

Sai maganar sabulu, wadda ita ma tana ba ni haushi. Omo da sabulun ruwa na wanke-wanken hannu ba na injin ba ne. Kumfa suke yi har ta tumbatso ƙasa, ta shiga ƙarƙashin injin inda wayoyi suke. Nasa daban ne, gari ko dunƙule, ba ya kumfa. Masu ruwan burtsatse, in kuna ganin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, to irinsa na taruwa a jikin abin da ke ɗumama ruwan injin, shi ke sa kofin gilashi ya yi hazo-hazo. Injinan da ke da ramin gishiri a ƙasa, a cika shi da gishirin injin mai manyan ƙwayoyi. Gishirin miya ya yi laushi, kuma ana haɗa shi da abin hana dunƙulewa, yana iya toshe wurin. Sau ɗaya a wata a kunna injin ba kaya a ciki, a kan wanki mafi zafi, mai digiri 65 ko 70, da kofi ɗaya na ruwan khal a tsaye a kwandon sama. Masu kunna wankin tattalin wuta na digiri 50 kullum, ku ne kuka fi buƙatar wannan. Kada a kuskura a haɗa khal da Hypo ko Jik, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Sauran a taƙaice:

- Muciya, akushi, ƙwarya da ludayin duma ba sa shiga, tsagewa suke yi. Tukunyar alminiyom baƙi take yi.
- Wuƙa da cokali mai yatsu, tsininsu ya kalli ƙasa.
- Tiyon fitar da ruwa a ɗaure shi sama a ƙarƙashin kanta kafin ya sauka magudana, in ba haka ba ruwan sinki zai riƙa komawa cikin injin.
- Ruwa ba ya shiga sosai? A rufe famfo, a kwance tiyon shiga, akwai 'yar raga a bakinsa da yashin tanki ke toshewa.
- Injin na jan kusan wat 2000 lokacin ɗumama ruwa, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. In an ɗauke wuta yana tsakar aiki, a sake wankin daga farko, kada a kwashe kwanukan a ce ai sun jiƙu.

Iyaye, dunƙulen sabulun nan mai launi yara alawa suke ɗaukarsa, kuma yana ƙona baki da maƙogwaro. A ajiye shi sama, a kulle. In tsautsayi ya sa yaro ya tauna, a kurkure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a wuce asibiti da kwalin a hannu. Kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, abin da ya ƙona wajen shiga zai sake ƙonawa wajen fita. In a ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsafta na minti 15 kafin a tafi.

Masu injin Bosch, in ya nuna E22 filta ce ta toshe, E24 ruwa ne ba ya fita, wato ko filta ko tiyo ya lanƙwashe, E25 kuma wani abu ne ya maƙale a famfon zuƙa ko murfinsa bai zauna ba. Waɗannan ukun ki fara da murɗo filtar nan kafin ki kira kowa, kada ki biya kuɗin mota da na aiki a zo a cire miki ƙashin kifi. Amma in E15 ya nuna, ruwa ne ya zuba a ƙarƙashin injin. Haka in kin ji ƙaurin waya, ko jikinsa na jan hannu in an taɓa. A nan ki rufe famfo, ki zare soket da busasshen hannu, ki kira mai gyara, kada kowa ya sake kunnawa sai ya zo.